Kafin a ce farar hula su sa ido kan 'yan sanda, a fara koya musu aikin

An taɓa sa sunana cikin wani kwamitin mutanen unguwa da ke shiga tsakanin jama'a da 'yan sanda. Mu tara ne, har da limami, da 'yan kasuwa biyu, da wani tsohon hedimasta, da wakiliyar mata. Mutanen kirki ne duka, ba wanda ya zo neman abin duniya. Sai dai babu wanda ya zaunar da mu ko na yini ɗaya ya ce ga aikinku, ga abin da doka ta ba ku, ga inda za ku tsaya.

Ranar da muka kai ziyarar farko caji ofis an karɓe mu da mutunci. Aka jera mana kujeru, aka kawo ruwan sanyi, babban jami'in wurin ya yi mana bayanin wahalarsu: motar sintiri ɗaya ce, mai ba ya isa, wasu yaransa ba su da wurin kwana. Gaskiya ya faɗa, mun gani da idonmu. Muka yi addu'a, aka ɗauki hoto, muka fito.

A bakin ƙofa, gindin wata darbejiya, wata dattijuwa na zaune da kwanon abinci ɗaure cikin ɗankwali. Ta bi ni da kallo ta ce, "Ɗana, kai ma cikin manyan kake?" Na durƙusa na ce, "Iya, lafiya?" Ashe kwanan ɗanta shida a tsare a bayan kanta. Yayansa ne ya karɓi kayan wani bashi ya bar gari, da aka zo ba a same shi ba sai aka tafi da ƙanen. Na koma ciki na yi ta roƙo, ina cewa a dubi girman Allah, a dubi tsufan uwar. Aka ce za a duba. Sai bayan kwana biyu aka sake shi, kuma sai da dangi suka haɗa wani abu.

Daga baya na ba wani abokina lauya labarin, ina jin na yi abin kirki. Ya yi shiru, sannan ya ce mini, "Malam, abin da ka je roƙo haƙƙin yaron ne." Ya buɗe mini Dokar 'Yan Sanda ta 2020: an hana kama mutum a madadin wani, an hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Ya nuna mini sashe na 35 na kundin tsarin mulki, inda aka ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Ya tambaye ni ko mun nemi ganin rajistar waɗanda ke tsare. Wallahi ban ma san ana neman ta ba. Har yau in na tuna matar nan sai in ji nauyi a ƙirjina, don ta ɗauka ta gamu da wanda zai tsaya mata, ni kuwa ban san abin da ke hannuna ba.

Wannan ne ya sa na fara bin diddigin yadda abin yake a sama, sai na tarar ciwon iri ɗaya ne.

Muna da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda ake kira PSC. Ba ƙaramar hukuma ba ce. Kundin tsarin mulkin 1999 ne ya kafa ta, dokar 2001 ta fayyace aikinta. Ita ke da ikon ɗaukar ɗan sanda, da ƙara masa girma, da ladabtar da shi, da korarsa, tun daga kurtu har mataimakin Sufeto Janar. Sufeto Janar kaɗai ne ba ya ƙarƙashin wannan ikon. Dokar ta ce a sa tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ko na Kotun Ɗaukaka Ƙara a ciki, da wakilin mata, da na 'yan jarida, da na ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, da na 'yan kasuwa, da kuma tsohon ɗan sanda guda wanda muƙaminsa bai gaza kwamishina ba. Duk wanda ya karanta wannan jerin ya san nufin masu rubuta dokar: gidan farar hula ne, an ware wa ɗan sanda kujera ɗaya don ya riƙa haska musu yadda aikin yake daga ciki.

To ku dubi waɗanda suka shugabance ta. Na farko, Cif Simon Okeke, farar hula ne. Daga shi sai Parry Osayande, tsohon mataimakin Sufeto Janar. Sai Mike Okiro a 2013, tsohon Sufeto Janar. Sai Musiliu Smith a 2018, shi ma haka. Sai Solomon Arase a 2023, shi ma haka. Sai Hashimu Argungu a 2024, tsohon mataimakin Sufeto Janar. In ka cire ɗan lokacin da Mai Shari'a Clara Ogunbiyi ta yi riƙon ƙwarya, kujerar ta zama tamkar gadon manyan 'yan sanda masu ritaya.

Ba na zargin ko ɗaya daga cikinsu da komai, kuma ina roƙo kada wani ya juya maganata ta koma cin mutuncin mutum. Maganata kan tsari ce. Mutumin da ya yi shekara talatin da wani abu cikin kaki, waɗanda ake kawo ƙararsu gabansa yaransa ne. Wani shi ya horar da shi, wani sun yi zaman bariki tare, wani ya je sunan 'ya'yansa. Ko ya fi kowa adalci, uwar da aka kashe wa ɗa a shingen bincike ba za ta shiga ofishinsa da kwanciyar hankali ba.

Hujjar da ake kawowa kullum ita ce farar hula bai san aikin ɗan sanda ba, za a yi ta juya shi kamar waina. Ni ba zan musa wannan ba, tunda ni kaina shaida ne. Amma in an ce mutum bai san aiki ba, koya masa ake yi. Ba a karɓe aikin a mayar wa wanda aka ce a sa wa ido.

Wasu ƙasashen sun bi ta nan. A Ingila da Wales, hukumar da ke binciken ƙorafi kan 'yan sanda tun 2018, doka ta hana a naɗa mata shugaban da ya taɓa yin aikin ɗan sanda. A Kenya, bayan jinin da aka zubar a rikicin zaɓen 2007, sun kafa hukumar IPOA da dokar 2011, shugabanta sai wanda ya cancanci zama alƙalin babbar kotu, kuma tana da masu bincike nata na kanta. Afirka ta Kudu na da hukumar binciken 'yan sanda ta IPID, wadda dole 'yan sanda su sanar da ita duk lokacin da mutum ya mutu a hannunsu, ba sai dangi sun yi ta yawo da takardar koke ba. A Amurka har ƙungiya suka kafa tun 1995, NACOLE, aikinta haɗa masu wannan sa idon da horar da su. Ba wai waɗannan ƙasashen sun gama da zaluncin 'yan sanda ba ne, 'yan Kenya ma kullum cikin kuka suke. Abin da na ɗauka daga gare su shi ne sun mai da sa ido sana'a da ake koya, mu kuwa mun mai da shi karramawa da ake yi wa dattijo.

Kuma in na ce horo, ba taron bitar kwana biyu a otal nake nufi ba, inda za a raba jaka da alawus a watse. Ina nufin mutum ya iya buɗe rajistar caji ofis ya gane wanda aka rubuta ranar shigarsa da wanda aka ɓoye. Ya san cewa ziyarar da aka sanar tun mako guda ba ziyara ba ce. Ya san yadda ake keɓe wanda ke tsare a yi magana da shi ba tare da mai gadinsa na tsaye a kansa ba, don babu wanda zai ce an doke shi alhali wanda ya doke shi na jinsa. Ya iya bambanta tabon ankwa da tabon igiya, ya san lokacin da za a kira likita ya rubuta rahoto kafin rauni ya warke. Ya karanta Dokar Hana Azabtarwa ta 2017. Ya san cewa dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗora wa majistare kai ziyara caji ofis duk wata, don ya iya tambaya ko an zo. Ya san ƙa'idar da ta tsara lokacin da ɗan sanda zai iya harbi, wadda aka sabunta a 2019. Sannan, kuma wannan yana da muhimmanci a wurina, ya bi motar sintiri da dare ko sau uku ne, ya ga abin da kurtu ke fuskanta a hanyar da 'yan bindiga ke tarewa.

Domin mai sa idon da ya san aiki kariya ne ga ɗan sanda na gari. Akwai ƙorafin ƙarya, akwai mai kuɗin da ke son a hukunta kofur don ya ƙi bin son ransa. Akwai sajen da ya shekara goma ba a ƙara masa girma ba saboda ba shi da kowa a sama, ga kuma wanda ya tsallake shi don yana gadin wani babba. Wa zai gano wannan in ba wanda ya iya karanta fayil ba?

Sai maganar kuɗi da iko. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kwamitinmu na unguwa, ruwan da muka sha da kujerun da muka zauna duk na waɗanda muka je dubawa ne. Haka hukumar da ba ta da isassun masu bincike nata, ƙarshenta ta tura koke ga rundunar da aka kawo ƙara ta ce ta bincika ta kawo rahoto. Akwai sashen karɓar ƙorafi da aka buɗe a 2015, yana kuma amsa waya, amma a ƙarƙashin hedikwatar 'yan sanda yake. A Afirka ta Kudu sai da Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci a 2016 cewa ministan 'yan sanda ba shi da ikon dakatar da shugaban IPID shi kaɗai ba tare da majalisa ba. Mu nan an sauya shugaban PSC a 2024 bai ko yi rabin wa'adinsa na shekara biyar ba.

Kuma ku tuna abin da ya cinye ƙarfin hukumar tsawon shekaru: rigimar da ta yi da Sufeto Janar kan wa ke da ikon ɗaukar kurata 10,000 a 2019. Daga babbar kotun tarayya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2020, har Kotun Ƙoli ta tabbatar wa hukumar ikonta a 2023. Na ji daɗin hukuncin. Amma ina fatan ranar da za a yi shari'ar shekara huɗu da irin wannan zafin saboda talaka ɗaya da ya mutu a bayan kanta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mu 'yan Arewa ba mu ɗauki wannan magana tamu ba. Bayan zanga-zangar adawa da zaluncin 'yan sanda ta EndSARS a Oktoban 2020, da aka ce jihohi su kafa kwamitocin sauraron koke, yawancin jihohin ƙasar nan sun kafa, amma wasu jihohinmu, har da Kano, ba su kafa ba, kamar a ce ba a taɓa zaluntar kowa a nan ba. Alhali mu muka fi kowa sanin ɗacin ɗan sandan da ba mai taka masa burki. Ku tambayi dattawan da suka ga zamanin 'yan doka na En'e, wato hukumar gargajiya, su ba ku labarin abin da 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU suka sha. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka rushe 'yan sandan En'e bayan 1966 aka haɗe su da na tarayya.

Yanzu ga maganar 'yan sandan jihohi ta dawo da ƙarfi. Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a 2024. Na fahimci abin da ya kawo haka, wanda aka kora daga gonarsa ba ya jiran dogon turanci. Amma duk muhawarar da nake ji kan bindiga ce da mota da albashi. Ban ji ana tambayar wa zai karɓi ƙarar wanda waɗannan matasan suka zalunta ba, wa zai naɗa masu karɓar ƙarar, wa zai iya tsige su, daga wane aljihu za a biya su, kuma wata nawa za su yi suna koyon aikin kafin a rantsar da su. In gwamna ne zai naɗa su ya kuma sallame su ranar da ya ga dama, to an riga an san inda za a kwana.

Don Allah duk mai hanyar ɗan majalisar jiharsa ya isar masa da wannan tun dokar 'yan sandan jihohi tana kan takarda. A rubuta cewa shugaban hukumar sa ido ba zai zama tsohon jami'in rundunar ba. A rubuta cewa kuɗinta ba zai bi ta ofishin da take bincika ba, kuma duk shekara ta fito ta faɗa wa jama'a koke nawa ta karɓa, nawa ta kammala, mutum nawa aka hukunta. A rubuta cewa ba wanda zai zauna a kujerar sai ya gama horo. A kuma buɗe tebur a kowace ƙaramar hukuma, nesa da caji ofis, inda mace irin wadda na tarar a gindin darbejiya za ta zo ta faɗi kokenta da baki, da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, a rubuta a karanta mata, a ba ta lamba a takarda, a faɗa mata ranar da za ta dawo ta ji inda aka kwana.