Yadda na garƙame surukina da walda a Jidda

Duk wanda ya tashi a kusa da Ƙofar Ruwa a Kano gani yake shi ma rabin mai walda ne. Shagon kawuna yana jikin rumfar masu walda, tun ina yaro nake shaƙar ƙaurin ƙarfe. Gaskiya ne ban taɓa yi da hannuna ba, amma ido ai ba ya mantuwa. Da wannan ilimi na zo Jidda, na yi aure a unguwar Sabil, tun kafin rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021.

Ƙyauren gidan surukina na ƙarfe ne, kuma iskar Bahar Maliya ba ta raga wa ƙarfe. Laima da gishiri suka cinye hinjin ƙasa, ƙyaure ya karkace, in an buɗe shi sai ya ja ƙasa da ƙara har maƙwabta su san Baba zai tafi masallaci. Aka kira wani haddadi, wato mai aikin ƙarfe da walda, ya duba, ya ce riyal 150. Ina tsugune a gefe, kaina a sunkuye yadda ya dace da suruki, sai na ji bakina ya ce: "Baba, ai wannan cuta ce. A bar mini aikin."

Baba ya dube ni ta saman tabarau. "Malam, ka iya?"

Na ce ai a cikinta na girma.

Ranar Juma'a da yamma na nufi kasuwar Sawarik da ke kudancin gari, inda ake samun komai na hannu. Injin walda iri biyu na tarar. Akwai tsohon yayi mai taransfoma, cikinsa naɗin waya ne zalla, sai ƙarti biyu sun kama kafin ya ɗagu. Akwai kuma na zamani, imbata, wanda yaro ma zai rataya a kafaɗa. Na zaɓi wani ja da aka rubuta 200A a jikinsa, riyal 280, mai kaya ya ɗora mini gyaran wani buɗaɗɗen kwalin sandunan walda 6013. Abin rufe fuska kuwa na ga ɓarnar kuɗi ce, tunda ina da baƙin tabarau a mota. Masu lissafi za su ce 280 ya fi 150. Su ba su san jari ba.

Kashegari bayan azahar na shimfiɗa kaya a ƙofar gida. Na jawo doguwar waya daga soket ɗin zaure, na maƙala maƙatar ƙasa, wato maƙatar wayar da wuta ke bi ta koma inji, a jikin ƙyaure, na kunna. Fanka ta juya, koriyar fitila ta kama. Yaran layi suka kewaye ni. Na yi bismilla, na dangwala sanda, sai ta manne. Na fizge, na sake dangwalawa, ta sake mannewa. Na murɗa maɓallin ampiya har ƙarshe. Ɗan tartsatsi ya yi tsit, ya mutu.

Nan fa likitoci suka yi yawa. Ƙanin matata, wanda karatunsa duk a YouTube ya yi shi, ya rantse IGBT, wani transisto da ke cikin injin, shi ne ya ƙone. Wani maƙwabci ya ce kambun baka ne, tunda jama'a sun taru. Surukata ta leƙo daga ciki ta ce ko a kira haddadin jiya, na yi kamar iska ce ta kaɗa. Na zare wayar daga wuta, na kwance murfin inji. Ƙura da garin ƙarfe sun yi dam a kan allon, na hure su. Sai na hango wasu baƙaƙen gwangwanaye a jere, na kai yatsa in ji ko sun saki. Ashe kafasito ne, su kuma ko an cire wuta sukan riƙe caji na ɗan lokaci. Yara sun ce ihu na yi. Salati na yi, da ɗan ƙarfi.

Baba ne da kansa ya aika a kira Mu'allim, wani dattijo mai warsha, wato shagon aikin ƙarfe, a Sina'iyya, unguwar masu sana'a. Mutumin Mai Wurno ne ta ƙasar Sudan, kusa da Sinnar, jikan waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa ta tsofaffin Sakkwatawa ce, da Larabci a tsakiya. Ya iso da 'yar jakarsa, ya gaisa da Baba a tsanake, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Injin da nake ta nuna masa ko kallonsa bai yi ba. Ya bi wayata da ido har zaure, ya ciro mita, ya soka a soket.

"Ɗana, zo ka karanta."

Mita ta nuna 127.

Ya ce tsofaffin gidajen Jidda kahraba biyu gare su, wato wutar lantarki mai ƙarfin volt 127 da 220, kuma sau da yawa ramukan soket ɗin kamarsu ɗaya. Tun 2010 hukuma ta yanke a koma 230 da 400 sannu a hankali, amma gida irin na Baba bai ji labari ba tukuna. Injina na 220 ne, na ba shi rabin abinci ina jiran ya yi dambe. Ya taɓa doguwar wayata, wadda rabinta ke naɗe, ya ji ta yi ɗumi, ya ce wannan ta fanka ce, siririyar waya mai tsawo shanye wuta take tun kafin ta isa. Ya ciro tasa mai kauri, ya kai soket ɗin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai 220. Sannan ya cire maƙatar ƙasa daga inda na sa ta, a kan koren fentin da aka shafa wa ƙyauren shekara da shekaru, ya kankare wuri har ƙarfe ya yi fari, ya maƙala. Sandunan gyarana kuwa ya murza ɗaya a yatsa, bawon ya ruguje. Laimar Jidda ta gama da su tun a kasuwa. Ya ba ni nasa masu kaurin milimita 2.5, ya dawo da maɓalli daga 200 zuwa 80, ya ce a 200 ba walda zan yi ba, tagogi zan buɗe wa Baba.

Ya dangwala sau ɗaya, wuta ta kama shar, inji na ta waƙa. Ni dai abin da na fahimta shi ne na iya sayen inji.

Da aka kira la'asar ya daidaita sabon hinji, ya ɗiga masa walda a gefe biyu don ya tsaya, ya ce yana da aiki a warsha. "Ka bi gefen nan da gefen nan kawai. Tsakiya ba ruwanka da ita." Ya tafi da abin rufe fuskarsa.

Bayan salla Baba ya shiga ciki ya kishingiɗa, na rufe ƙyaure don ya zauna daidai, na ɗora tabarau, na shiga aiki ba ɗagawa. Can sai wata rawayar fitila ta kama, inji ya yi shiru. Na sanar da jama'a cewa ya mutu, ƙanin matata ya ce ai ya faɗa. Na kira Mu'allim a waya. Ya ce in karanta farantin da ke bayan inji. Na ga 60%. Ya ce ma'anarsa a cikin kowane minti 10, minti 6 aiki, 4 hutu, ni kuma na jingina shi da bango a cikin rana, fanka ba ta samun iska. In bar shi a kunne a inuwa, in je in sha shayi. Na sha shayi, fitila ta mutu, inji ya farfaɗo.

A nan ne ƙwarewa ta motsa. Na duba gefe biyun da na yi, na ga kamar ba za su ɗauki nauyin ƙyaure ba. Dattijai suna da taka-tsantsan, amma aikin suruki ba a yi masa ƙwauro. Na zagaye hinjin kaf da walda, sama da ƙasa da tsakiya. Da sanda ta rage, na je na ƙarfafa na sama shi ma.

Ƙyaure dai ya daina jan ƙasa, wannan ko maƙiyi ya shaida.

Ladan ya kira magariba. Na ji takun Baba a zaure, na ji ya zare sakata, na ji ya tura. Shiru. Ya sake turawa.

"Malam, buɗe mana."

"Baba, ƙarfen ne bai gama hucewa ba."

"To yaushe zai huce?"

Mutumin da unguwa ta san shi da sahun farko, ranar a tsakar gida ya ja mata da jikoki salla. Bayan isha haddadin riyal 150 ya zo da injin yankan ƙarfe, ya yanke hinji biyu, ya sa sababbi, ya karɓi 200 saboda aikin dare ne. Sai da ya cinye faifai biyu kafin waldata ta saki. Ina so a rubuta wannan.

Tsakar dare na farka kamar an zuba mini yashi a ido, hawaye na zuba, ko fitilar waya ba na iya kallo. Uwargida ta yanko dankalin Turawa ta jera mini a fuska, tana cewa sannu Injiniya, muryarta na rawa. Da safe likita ya ce hasken walda ne ya ƙona saman idon, sai bayan sa'o'i yake tashi, kuma tabarau na mota ba ya tare shi, gilashin walda mai lamba 10 ko sama ake sawa. Ya ba ni magani, ya ce kwana ɗaya ko biyu zai wuce.

Ina kwance a ɗaki mai duhu sai ga ƙanin matata da saƙo daga Baba. Yana gaishe ni da jiki. Ya ce ƙafar tankin ruwan da ke saman bene ta fara tsatsa, haddadi zai zo ranar Asabar, ko zan taimaka da injina.

Na yunƙura na ce a gaya wa Baba in sha Allahu zan zo da wuri.

Yaron ya ce: "A'a, Yaya. Cewa ya yi injin kawai."