Tarakta ɗaya, aikin wata goma sha biyu

Hunturuna na farko a Jamus, ƙarar ƙarfe a kan kwalta ce ta tashe ni kafin asuba. Na leƙa ta taga, sai ga wata 'yar tarakta ruwan lemo, faɗinta bai wuce hanyar masu tafiya a ƙasa ba, tana ture dusar ƙanƙara da faifan ƙarfe a gaba, tana watsa gishiri ta baya. Da zafi ya shigo na sake ganinta a filin shaƙatawa tana yankan ciyawa. Da ganye ya zubo, an ɗaura mata burushi tana shara. Ita ce dai, da direbanta.

Sirrin yana wurin haɗi. Akwai maƙala mai baki uku irin wadda wani maƙerin taraktoci mai suna Harry Ferguson ya yi wa rajista a 1926, da sandar da ke juyawa sau 540 a minti tana ba kowane kayan aiki ƙarfin injin. A cire wannan, a ɗaura wancan. Jamusawa sun daɗe da wannan tunani: Unimog, wata mota mai aikin tarakta wadda aka fara gwadawa a 1946 don manoma, yau ita ce jakin aikin hukumomin gari.

Mu a gida, da an ce tarakta sai gona. Ta yi huɗa da damina, ta kwanta a garejin hukuma har tayoyi su sace, batir ya mutu. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin aiki bai ƙare ba. Ba mu da ƙanƙara, amma muna da yashin da ke cinye gefen kwalta, da magudanun da ke toshewa kafin ruwan fari, da ramukan da ke jiran marmara, da dashen da ke bushewa da rani don babu tankin ban ruwa.

Ba na cewa za ta maye gurbin gireda a babban titi, ba za ta iya ba. Kuma ƙurarmu tana son a riƙa duba matatar iska kullum. Amma inji ɗaya yana nufin bakanike ɗaya da ya san ciwonsa, da kayan gyara iri ɗaya a sito. Ƙaramar hukumar da ke shirin sayen motoci uku, gara ta sayi tarakta ɗaya da cebur, burushi, injin yankan ciyawa da tanki, ragowar kuɗin ta ware su don sabis da horar da direba.