Vespar nan fa ba ta gwangwan ba ce!

Wai don Allah mutum ba shi da ikon ya gyara tsohon babur ɗinsa cikin kwanciyar hankali? Da zarar na fito da Vespar da na gada wurin Baba, PX ce, irin wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara fitarwa a 1977, na shimfiɗa buhu a ƙofar gida na kwance kafireto, shi ke nan unguwa ta samu majigi kyauta. Wannan ya ce, "Malam, ka kai ta gwangwan mana, ai za ta yi kilo." Kilo! Vespar da ta kai Inna asibiti ranar haihuwata ita za a ɗora a sikeli? Wancan ya ce in cire injin in dasa na Jincheng, kamar a sa wa doki kan jaki. Wani ya ga ina haɗa baƙin mai da fetur ya kama salati, wai na kashe ta, alhali haka injinta yake sha tun ran gini. Yara kuwa sun yi ta murɗa giyar hannu har waya ta tsinke, wayar da na yi Asabar uku ina zagaye kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa kafin in samu! Ga maƙwabci kullum, "Har yanzu ba ta tashi ba?" Alhaji, Makka na ce maka zan je da ita? Jiya ma ina ɗaga kai in amsa masa, noti ya gangara kwata.