Melanoma marar kauri: kada milimita kaɗai ta yanke hukuncin tiyata

Tun da likita Alexander Breslow ya nuna a 1970 cewa zurfin da melanoma, wani nau'in sankarar fata, ta yi cikin fata shi ne babban ma'aunin haɗarinta, likitoci suke auna wannan sankarar da milimita. Wadda ba ta wuce milimita 1 ba ita ake kira marar kauri, kuma yawancin masu ita suna warkewa da zarar an yanke ta. Damuwar tana kan 'yan tsiraru, kusan 5 cikin 100, waɗanda cutar ta riga ta sulale zuwa kaluluwar hammata, wuya ko matsematsi ba tare da wani kumburi da hannu zai iya ji ba.

Hanyar gano su ita ce wadda likitan tiyata Donald Morton ya bayyana a 1992: a yi allurar shuɗin ruwa kusa da tabon, a bi shi har kaluluwar farko da ya isa, a cire ta a duba. Tiyata ce ƙarama, amma ba ta rasa illa, domin wurin yakan tara ruwa ko ya yi ƙwari, wani lokacin ma hannu ko ƙafa ta kumbura. Idan aka yi wa kowa, an yanka mutum 95 domin a samo 5.

Tsarin rarraba melanoma mataki-mataki da aka fara amfani da shi a Amurka a 2018 ya ja layi a milimita 0.8 tsakanin mai ƙaramin haɗari da wadda ta fi ta haɗari, ya kuma ware tabon da ya fashe ya zama gyambo. A ganina layin ya yi tsauri, domin ciwo mai milimita 0.7 a jikin matashi ɗan shekara 30, wanda ƙwayoyinsa ke rabuwa da sauri, yana iya fin mai milimita 0.9 a jikin tsoho haɗarin bazuwa. Shi ya sa na fi gamsuwa da ma'aunin da Cibiyar Melanoma ta Ostareliya ta fitar a 2020, wanda ke haɗa shekaru, kauri, nau'in ciwon, gyambo, saurin rabuwar ƙwayoyi da kutsawarsu cikin jijiyoyi, ya ba kowane majiyyaci nasa kason na haɗarin bazuwar cutar zuwa kaluluwa. Ƙa'idar likitocin Amurka ita ce a bar tiyatar idan haɗarin bai kai 5 cikin 100 ba, a tattauna idan yana tsakanin 5 da 10. Kamata ya yi majiyyaci ya ji wannan adadi da kunnensa kafin ya sa hannu. Gwaje-gwajen ƙwayoyin halitta da kamfanoni ke tallatawa kuwa, suna da tsada, kuma har yanzu ana muhawara kan ko sun ƙara wani abu mai yawa.

Sai dai an gina waɗannan ma'aunai ne mafi yawa da bayanan fararen fata. A wurin baƙar fata melanoma ta fi fitowa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, inda ake ɗaukarta tabon tuntuɓe har ta yi kauri, don haka likitan da ya ci karo da marar kauri a tafin ƙafa ya dace ya karɓi adadin da taka-tsantsan.