Burushin takalmi ma yana son wanka

Jiya bayan an idar da sallar Juma'a na tsaya a ƙofar masallaci ina neman takalmina, sai idona ya sauka kan takalman jama'a. Wallahi abin ya dame ni. Mutum ya sha shadda mai maiƙo, ya kafa zanna bukar, turare na tashi, amma takalminsa na fata ya yi furu-furu, ya tsattsage kamar ƙafa mai faso. Gobe kuma ka ji shi yana cewa kayan yanzu ba su da ƙarko.

Ni ban yarda laifin takalmin ba ne. Mu fa mun gaji fata. Fatar jar akuyar Sakkwato ce a da ayari ke ƙetara Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Je Ƙofar Wambai a Kano ka tambayi kowane baduku, zai ce maka fata kamar jikin mutum take: hunturu na busar da ita, mai take so.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne burushi. A gidaje da yawa guda ɗaya ne tal, da shi ake goge baƙin takalmi, da shi ake goge ruwan ƙasa, an jefa shi ƙarƙashin gado ya sha ƙura, gashinsa ya dunƙule da tsohon Kiwi ya yi tauri kamar tsintsiyar kwakwa. Ka goga wannan a fata, ai yashi kake dirza mata. Shi ya sa takalmi ruwan ƙasa ke komawa wata kala marar suna.

Baba, Allah ya jiƙansa, yana da ɗan akwatin katako. Kowace kala da burushinta biyu: ƙarami na shafa mai, babba mai laushi na fito da ƙyalli. Ba ya taɓa sa mai sai ya kakkaɓe ƙura, ya bi lungun ɗinki da tsohon burushin haƙori, ya goge da tsumma mai ɗan danshi, ya bari ya sha iska. Man ma kaɗan yake lakatowa. Ya ajiye takalmin ya je ya sha kokonsa, ya dawo ya buga babban burushin har ka ga fuskarka a bakin takalmin. Lokaci-lokaci kuma yakan sa ni wanke burusan da ruwan ɗumi da sabulu, gashin kaɗai, ban da katakon don kada ya kumbura ya tsage, in kife su gashi ƙasa a inuwa.

Da damina kuwa, don Allah a daina shanya jiƙaƙƙen takalmi a tsakar rana ko gefen murhu. Nan yake ƙandarewa, gam ɗinsa ya saki. A cusa masa tsohuwar jarida, a bar shi inda iska ke kaɗawa. Kada kuma a ɗaure shi a leda da danshi, fumfuna zai yi.

Ba ina raina 'yan shushaina ba ne, sana'a ce ta halal, ni ma ina ba su idan na fita. Sai dai kafin ka miƙa takalminka ruwan ƙasa, ce yaron ya nuna maka burushin da zai sa.