Makaɗa shida da tatsuniyar Girkawa

Tun zuwana Faransa ban taɓa biyan kuɗi don in saurari ganga ba sai hunturun bara, da wani abokin aikina ya ja ni. Aka zaunar da mu tsakiyar zaure, makaɗa shida suka kewaye mu, kowa da gangunansa da ƙarafunansa. Da kiɗa ya kankama sai sautin ya riƙa zagaya mu, ya taso ta bayan kunnen hagu ya ɓulla ta dama, kamar guguwa ta sa mutum a tsakiya. Tsohuwar da ke gefena ta lumshe ido, ni kuwa sai waige-waige.

Sunan kiɗan Persephassa. Iannis Xenakis ya tsara shi a 1969, Bagirke ne, injiniya, wanda ya rasa ido ɗaya a faɗan birnin Atina kafin ya gudo Faransa a 1947. Persephassa kuwa ita ce Persephone, yarinyar da a tatsuniyarsu sarkin ƙarƙashin ƙasa ya sace, uwarta ta yi fushi ta hana shuka tsira sai an dawo mata da ita. A Landan ma, a 2008, Harrison Birtwistle, wani mai tsara kiɗa ɗan Ingila, ya yi wasan waƙa guda a kan Minotaur, dodon nan mai kan bijimi da jikin mutum.

Yawancin Girkawan yau Kiristoci ne, sun daɗe da barin waɗancan gumaka. Labaran ne ba su yar ba.

Mu fa? Ga Bayajida da macijin rijiyar Kusugu, ga Barbushe da Tsumburbura a dutsen Dala. Ga kalangu mai magana, ga kotso, ga kakaki. Amma makaɗi ya ce zai yi kiɗan Tsumburbura, kafin ya rataya ganga an ce ya koma maguzanci. Sai labaran suka maƙale a littafin firamare, gangar kuma ta bi ɗan siyasa. Ni dai a ganina ba da labari daban, bauta daban.

Ban ce nasu ya fi namu daɗi ba. Kusan rabin awa ba rawa, ba guɗa, ba liƙi, ko tari ya taso sai ka haɗiye. Da a gida ne da tuni wata ta cire mayafi ta shiga fage.

Duk da haka, a jirgin ƙasa ina komawa gida, abin da nake ta ji a kaina shi ne masu kalangu shida sun kewaye ni, suna buga daren da aka sare kan macijin Daura.