Injin gashi ya iso Katsina, saura hoton da zai nuna masa hanya

A watan Yulin 2025 aka buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, lokaci guda da na Inugu da Benin. Wanda ya taɓa raka majinyaci Shika ko Sakkwato ko Abuja neman gashi, wato ƙona cutar daji da hasken inji, ya kama ɗakin haya ya yi makonni, shi zai faɗi darajar wannan. Sai dai hirar gari duk a kan injin take. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne aikin da ake yi kafin a kunna shi, musamman ga dattawanmu masu sankarar furostet, wadda ta fi kowace sankara kama maza a Najeriya.

Furostet ɗin bai wuce girman goro ba. Yana zaune ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa tsakiyarsa, hanjin bayan gida kuma na manne da bayansa. Injin gashi bai san lafiyayyen nama ba, bai san mai cuta ba, inda aka zana masa nan yake aika haske. Likita ne ke zama gaban kwamfuta ya bi hoton yanka-yanka, yana shata iyaka da hannunsa: nan a ƙona, nan a kiyaye. In ya faɗaɗa, Baba zai yi ta fama da zawo, wani lokacin har da jini, ga raɗaɗin fitsari. In ya matse, ya bar cuta a gefe, ta jira shekara biyu ko uku ta dawo.

Hoton CT, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka yanka-yanka da hasken X-ray, ake amfani da shi wajen wannan shiri, kuma ba makawa sai da shi, domin da shi ake lissafin yawan hasken da kowane sashe na jiki zai sha. Amma CT gwanin ƙashi ne. A cikinsa furostet da naman da ke kewaye duk toka-toka suke, shi ya sa zanen da aka yi da CT kaɗai kan zarce ainihin girman da kusan kashi 30 cikin 100. MRI kuwa, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu, yana fitar da gefen furostet sarai, sau da yawa har da ƙullin cutar kansa. Sai a ɗora wannan kan wancan a kwamfuta, a yi zane da MRI, a yi lissafi da CT.

An gwada amfanin haka. A binciken FLAME da aka yi a Holan da Beljiyam kan maza 571, wanda ya fito a 2021, kowa ya sha awo 77 na haske a zama 35, amma rabinsu an ƙara wa ƙullin da MRI ya nuna har zuwa awo 95. Bayan shekara 5, kashi 92 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ƙarin ba su nuna alamar dawowar cutar a PSA, gwajin jinin da ake bibiyar furostet da shi, ba, ɗaya ɓangaren kashi 85, kuma illar gashin ba ta ƙaru a zo a gani ba. Inji ɗaya ne. Ƙarin da hoto ya nuna inda za a yi shi ne ya bambanta su.

Saboda haka ra'ayina shi ne kada a ɗauki MRI a matsayin ƙawa ta masu hali. A haɗa kuɗinsa cikin kuɗin gashi, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da ta jiha su ɗauke shi. Ɗan da ya sayar da gona a Daura ya kawo mahaifinsa, in aka ce masa ga wani hoto kuma na daban, cewa zai yi, “Likita, ba a iya yi da wanda muka kawo?” Likitan kuma ya san halin da ake ciki, sai ya haƙura.

Akwai ma abin da bai cin ko sisi. Mutane na zuwa asibiti rungume da babbar ambulan mai ɗauke da baƙin fim da takardar sakamako, suna ganin sun zo da komai. Fim ba ya shiga kwamfutar shiri. Faifan CD ake buƙata, wanda ke ɗauke da ainihin hoton, kuma haƙƙin majinyaci ne ya nema a inda aka ɗauka. Haka nan gara a samu MRI kafin a fara allurar da ke danne sinadarin maza, domin tana tsuke furostet ta dusar da ƙullin. Ranar shiri kuma, in ma'aikaciya ta ce a yi bayan gida, a sha ruwa a riƙe fitsari, ba wahalarwa ba ce. Yadda ciki yake ranar hoto, haka ake so ya kasance kullum a kan gadon gashi.

Wasu 'yan boko za su ce ai duniya ta wuce nan, ana maganar PSMA PET, wani sabon hoto da ake yi wa majinyaci allurar sinadari kafin a ɗauka don gano inda cutar ta yaɗu. Gaskiya ne, a wani gwaji da aka yi a Ostireliya a 2020 ya gano yaɗuwar cuta daidai da kashi 92, tsofaffin hotuna 65. Amma sinadarin galiyom da ake yawan amfani da shi yana rasa rabin ƙarfinsa duk bayan minti 68, wato tun kafin mota ta kawo shi daga Kano ya sha kashi. Wannan sai nan gaba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce mafi yawan mazanmu sai cuta ta yi nisa suke zuwa, bayan an gama da jiƙe-jiƙen basir da sanyi, lokacin da zanen iyaka bai da sauran amfani sosai. Haka ne. To amma in muna kira ga ɗan shekara 45 ko 50 ya je ya tattauna gwajin PSA da likita, dole wanda ya amsa kiran ya tarar da aiki mai kyau, in ba haka ba labarin da zai kai majalisa shi zai hana goma zuwa. Kuma wannan aiki na likitan gashi ne da mai karanta hoto da masanin lissafin haske, waɗanda ƙasashen waje ke zawarcinsu. Gwamnatin da ta iya sayo inji ta faɗa mana nawa ta ware don horar da su da riƙe su a Katsina.